Littafin Bashin Inna

A saman shagon magani, a Asawase,
akwai ɗaki mai kwamfuta goma sha huɗu,
tara ke numfashi, sauran sai addu'a.
Fanka na juyi kamar an yi mata dole.
Nan nake zuwa bayan Magariba,
hannuna na ƙamshin wake da shinkafa,
jan karan dafi bai gama barin farcena ba.

Malam Boakye ba ya ɗaga murya.
Ya ce, kafin ki nemi lamba ta yi magana
sai kin tsince ta tukuna.
Na yi dariya ni kaɗai.
Tun ina shekara bakwai nake tsintar wake,
na san tsakuwa ko ta shafa hoda.

Kujerar gefena ta Tanimu ce,
shi gyara yake koyo, da amsa waya.
Sai a maƙala masa abin ji a kunne,
Malam ya rikiɗe ya zama akawu mai fushi:
"Na'urata ta mutu, albashin mutane na ciki!"
Tanimu ya haɗiyi yawu, ya sassauta harshe:
"Ranka ya daɗe, dubi bango, an kunna soket?"
Sau tara cikin goma, soket ne.
Na goman kuwa wuta aka ɗauke,
mu zauna a duhu mu duka
muna bitar darasi da hasken waya.

Mako na shida aka ce kowa ya zo da bayanansa.
Wasu suka kwaso farashin koko na shekara ashirin.
Ni na saci littafin bashin Inna,
mai bangon da man yaji ya jiƙa,
shekara uku na ci yau, biya gobe.

Dare huɗu ina zubawa, layi-layi, gida-gida.
"Dogo mai faci." "Dogon Alabar." "Mijin Sirina."
Na bi kwanan wata, na bi ƙwai ɗaya da taliya,
ashe mutum guda ne da riga uku.
Na haɗe shi. Jimla ta faɗo:
sidi dubu da ɗari biyu da arba'in,
bai taɓa ajiye ko sisi ba.
Na zana shi sanda-sanda,
tasa ta miƙe kamar hasumiya.
Malam ya ce madalla. Na ci maki.

Da asuba na kai wa Inna, tana hura wuta.
Ta riƙe takardar a juye, ta maido mini.
"Wannan ne ya hana ki barci?
Shekarar da ruwa ya ci Aboabo
watanki bakwai, kina cikin baho,
ruwa ya tafi da bahon.
Wa kike zato ya shiga kwata har wuya?
Rubutawa nake don kada ya sunkuyar da kai,
ya ɗauka bashi yake ci."
Ta juya ludayi.
"Miƙo mini ganyen naɗi, gari na wayewa."

Da dare na buɗe sabon gida a jadawalin,
na rasa sunan da zan raɗa masa.
Ɗan layin nan yana ta ƙifta mini ido.
Tanimu ya leƙo: "Ta maƙale ne? Kashe ki kunna."
Na ce a'a, lafiyarta lau.

Jibi ina da ganawa a wani ofis a Adum,
na goge mayafi, na ari takalmin Barikisu.
In sun tambayi abin da na iya
zan ce tsinta, da tarawa, da zane,
kuma in sanda ta fi 'yan'uwanta tsawo
nakan tashi daga kujera in je in tambaya.

Dogo ya zo ɗazu, hannunsa duk baƙin taya.
Ni na zuba masa. Ƙwai ɗaya, taliya.
Na ɗauki biro na rubuta.